Horar da Ƙwayoyin Jini Su Yaƙi Ciwon Daji: Ina 'Ya'yanmu a Cikin Wannan Bincike?

A shekara ta 1963 aka kawo wani yaro ɗan shekara 11 Asibitin Koyarwa na Ibadan da kumburi a muƙamuƙinsa. Ciwon da ke damunsa irin ciwon dajin nan ne mai kama yara a ƙasashe masu zafi da yawan zazzaɓin cizon sauro, wanda likita Denis Burkitt ya fara bayyanawa a Uganda a 1958, har aka sa wa ciwon sunansa. Wani masanin cututtuka, Baturen Ingila mai suna Robert Pulvertaft, ya ɗebi ƙwayoyi daga kumburin ya sa su cikin ruwan abinci a kwalba. Ƙwayoyin nan kuwa ba su mutu ba. Suka yi ta haihuwa, aka yi ta rarraba su ƙasa ƙasa, har wa yau suna nan da rai cikin ɗakunan gwaje-gwaje na duniya, ana kiransu Raji.

Abin da ya sa muka tono wannan tsohon labari shi ne, a yau idan masu bincike a Amurka ko Jamus ko Sin suka ƙera sabon magani na irin wanda za mu yi magana a kansa, sau da yawa a kan ƙwayoyin Raji suke fara gwada ko yana kisa. Watau jikin ɗan Nijeriya ya fi shekara 60 yana yi wa wannan ilimi hidima. Amma da aka fara sayar da maganin a 2017, kuɗinsa dala 475,000 ne ga mutum ɗaya, wajen naira miliyan 700 ke nan a canjin 2025. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake zagayawa da faranti ana tara wa mai ciwon daji kuɗin allura ɗaya ya san abin da wannan adadi ke nufi.

Muna so iyaye da matasa masu karanta wannan shafi su sani akwai wata ƙofa ta shiga wannan aiki wadda ba ta bukatar dukiya. Ita ce karatun digiri na uku, wanda ake kira digirin dakta, kuma a wurare da yawa ɗalibin ne ake biya, ba shi ke biya ba.

Yadda maganin yake aiki

Cikin jinin kowane mutum akwai fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki. Wani iri daga cikinsu ana ce da su ƙwayoyin T, aikinsu kuwa su bi jiki suna dubawa, duk ƙwayar da suka ga cuta ta shige ta sai su kashe ta. Wahalar ciwon daji ita ce ɗan gida ne. Daga naman mutum ya fito, yana ɗauke da kamannin gida, saboda haka masu gadi sukan wuce shi ba su ce masa uffan ba.

Dabarar da masana suka yi ita ce su ɗebi jinin majiyyaci ta wata na'ura mai tace fararen ƙwayoyi ta mayar masa da sauran. A ɗakin gwaji sai a sa wa ƙwayoyin T wani sabon umarni cikin kayan gadonsu, ta hanyar wata ƙwayar bairos da aka kashe wa dafi. Wani abin mamaki, bairos ɗin da aka yi amfani da shi a maganin farko daga ƙwayar cutar ƙanjamau aka samo shi, bayan an cire masa duk abin da ke sa ciwo, aka bar masa gwanintarsa ta shiga ƙwayoyin T. Umarnin nan yana sa ƙwayar ta tsiro da wata irin ƙugiya a bayanta, wadda ke kama wani tambari guda da ke jikin ƙwayar dajin. Tambarin da aka fi nema sunansa CD19. Sa'an nan a yi kiwon ƙwayoyin har su kai miliyoyi, a daskarar da su, a mayar asibiti. Dukan wannan yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. Kafin a sa wa majiyyaci, sai a ba shi maganin rage ƙwayoyin jininsa na kwana kaɗan domin baƙin su sami wurin zama. Abin da ake ɗura masa a ƙarshe 'yar jaka ce ƙarama, ba ta kai ledar ƙarin jini ba. A takardun neman ɗalibai ana rubuta sunan wannan dabara CAR-T, ya kamata mai nema ya riƙe waɗannan haruffa.

Ba dare ɗaya aka kai nan ba. Zelig Eshhar na Cibiyar Weizmann a Isra'ila ya nuna dabarar ƙugiyar a 1989, amma ƙwayoyin farko ba su daɗe cikin jiki, sukan gaji su mutu. Michel Sadelain, a lokacin yana asibitin Sloan Kettering na New York, ya nuna a 2002 cewa in aka ƙara wa ƙugiyar wani sashe na biyu mai zuga ƙwayar, takan yi ta haihuwa tana yaƙi. Steven Rosenberg na Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa a Amurka da Carl June na Jami'ar Fensilbaniya su ne suka kai abin ga majiyyata wajen 2010. Shekara 20 da ɗoriya ke nan, kuma yawancin aikin hannu da ke cikinsu ɗalibai ne da ƙananan masu bincike suka yi shi.

Labarin da ya girgiza duniya na wata yarinya ce, Emily Whitehead, 'yar shekara 6, mai ciwon dajin jini da ya ƙi jin kowane magani. A watan Afrilu na 2012 aka sa mata ƙwayoyin a Asibitin Yara na Filadelfiya. Cikin kwana kaɗan zazzaɓi mai tsanani ya rufe ta, jininta ya faɗi, aka sa ta a na'urar numfashi, har aka fara fid da rai. Da aka auna jininta aka ga wani sinadari mai hura wutar kumburi ya hau fiye da kima. Carl June kuwa ya san wani magani mai kashe kaifin wannan sinadari, domin 'yarsa tana fama da ciwon gaɓoɓi, shi ya sa yake bin labarin magungunan ciwon. Aka ba yarinyar, ta farfaɗo. Da aka duba ɓargonta bayan 'yan makonni, babu ciwon. Ta girma har ta shiga jami'a. A gwajin da ya biyo baya, cikin yara da matasa 63, kashi 83 cikin 100 ciwon ya ɓace musu cikin wata uku, bisa ga haka hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin Kymriah na kamfanin Novartis a watan Agusta na 2017.

Abin da ya rage, wanda shi ne aikin ɗalibi

Kada mai karatu ya ɗauka an gama. Da an gama da babu wanda zai nemi ɗalibai.

Maganin yana da haɗari. Zazzaɓin nan da ya kusa kashe Emily yana samun majiyyata da yawa, wasu kuma ƙwaƙwalwarsu takan rikice na ɗan lokaci har su kasa rubuta sunansu. Tambarin CD19 yana jikin ƙwayoyin B masu lafiya ma, waɗanda ke ƙera garkuwar jini, saboda haka su ma ana hallaka su, sai a riƙa ɗura wa mutum garkuwar wasu. A wasu majiyyata ciwon yakan yi wayo ya zubar da tambarin, ya dawo. A Janairu 2024 hukumar Amurka ta umarci kamfanoni su rubuta gargaɗi cewa a wasu 'yan tsiraru wani sabon ciwon daji na ƙwayoyin T ya ɓulla bayan magani.

Amma babban giɓin, wanda ya fi shafarmu, shi ne nasarar kusan duka a ciwon dajin jini da na kaluluwa da na ɓargo take. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna sama da mutum 120,000 ke kamuwa da ciwon daji a Nijeriya a shekara, kusan 80,000 kuma suna mutuwa, waɗanda ke kan gaba kuwa su ne na nono, da na mafitsarar maza, da na bakin mahaifa, da na hanji. Waɗannan duka ƙulli ne masu tauri. Ƙwayoyin T da ƙyar suke kutsawa cikin ƙullin, in sun shiga sai su tarar da wuri mara iska mai cike da abubuwan da ke sa su kasala, ga shi kuma da wuya a sami tambarin da ke jikin ƙullin kaɗai ba ya jikin huhu ko zuciya. An ɗan taɓa nasara: a 2024 Amurka ta amince da magani biyu na ƙwayoyin T, ɗaya domin ciwon dajin fata, ɗaya domin wani ciwon da ke kama nama kusa da gaɓoɓi. Sauran filin yana nan ba a nome ba.

Wasu ɗakunan bincike suna neman yadda za a yi amfani da ƙwayoyin mai lafiya ɗaya a yi wa majiyyata da yawa, a ajiye su kamar yadda ake ajiye jini. Waseem Qasim ya gwada haka a asibitin yara na Great Ormond Street a Landan tun 2015. Wasu sun koma ga wani irin fararen ƙwayoyi da ake kira NK, waɗanda Katy Rezvani ta cibiyar MD Anderson a Texas ta ɗebo daga jinin cibiyar jarirai. Wasu kuma suna so a daina fitar da ƙwayoyin gaba ɗaya, a yi wa mutum allura ta kai umarnin ga ƙwayoyin T suna cikin jikinsa. In wannan ta tabbata, to, tsadar za ta karye. A birnin Erlangen na Jamus kuwa, tun 2021 Georg Schett da abokan aikinsa suka juya dabarar ga cututtukan da garkuwar jiki ke cin mai ita. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi ana yanka shi ƙanana ana ba ɗalibai, kowa da nasa na shekara uku ko huɗu.

Abin da ɗaliban Indiya suka yi

Wani zai ce wannan aikin masu kuɗi ne, ina ruwan biri da gada. Bari mu dubi Indiya.

Wajen 2015, a Cibiyar Fasaha ta Indiya da ke Mumbai, wani malami mai suna Rahul Purwar da ɗalibansa na digiri na uku, cikinsu har da wata mace Alka Dwivedi, suka ƙudura sai sun ƙera nasu. Suka sake fasalin ƙugiyar ta yi kama da kayan jikin mutum domin ta rage illa. Da suka yi ta cin tura wajen kiwon ƙwayoyin, ba su ji kunya ba, suka tafi Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa a Amurka suka koyo, sa'an nan suka komo gida. Suka haɗa kai da likitocin asibitin Tata Memorial. A 2021 aka sa wa majiyyaci na farko, a Oktoba 2023 hukumar magunguna ta Indiya ta amince da maganin, mai suna NexCAR19. Kuɗinsa wajen kashi ɗaya cikin goma ne na kuɗin Amurka. Har yanzu ya fi ƙarfin talaka, ba mu musa ba, amma tsakanin dala dubu 400 da dubu 40 akwai rayuka da yawa. A Sifen ma wani asibitin gwamnati a Barcelona ya ƙera nasa da gudummawar jama'a, aka amince da shi a 2021.

A ganinmu darasin Indiya yana ga komowar. Ɗaliban sun tafi da tambaya a hannu, sun san asibitin da za su kawo wa amsar. Mu ma ba daga ƙasa za mu fara ba. An yi dashen ɓargo na farko a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Benin a 2011, aka kuma buɗe wani shirin a na Legas a 2024, kuma irin ɗakuna da ma'aikatan da dashen ɓargo ke bukata su ne wannan magani ke bukata. Har ila yau, hannun da ya iya gyara ƙwayar T shi ne zai iya gyara ƙwayar ɓargon mai ciwon sikila, kamar yadda maganin Casgevy da aka amince da shi a ƙarshen 2023 yake yi. Babu ƙasar da ta kai tamu yawan masu sikila.

Ina ƙofofin suke

Ba lalle sai wanda ya karanta likita ba. Wanda ya karanta kimiyyar sinadaran jiki, ko ta ƙananan halittu, ko harhaɗa magunguna, ko gwajin asibiti, ko likitan dabbobi, duk suna da wuri. Masu lissafi da kwamfuta ma ana nemansu ido rufe, gama gwaji ɗaya yakan fid da bayanin dubban ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, sai an sami mai iya karanta shi. Mun san matasa da yawa masu irin waɗannan digirori da ke zaune suna jiran aikin gwamnati, wasu suna ganin sun yi asara tun da ba su sami gurbin karatun likita ba.

A Holan da Suwidin ɗalibin digiri na uku ma'aikaci ne, yana da albashi da hutu, shekara huɗu. Ana tallan gurbin kamar yadda ake tallan aiki, a wurare irin su Cibiyar Ciwon Daji ta Amsterdam da Cibiyar Karolinska ta Stockholm. A Jamus, Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Heidelberg tana ɗaukar ɗalibai daga ko'ina sau biyu a shekara, da Turanci ake aiki, ana kuma biyansu. Hukumar DAAD ta Jamus tana da nata tallafin. Tarayyar Turai tana da shirin da aka sa wa sunan Marie Curie, wanda ke karɓar ɗan kowace ƙasa, sharaɗinsa kada mutum ya zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 cikin shekara uku da suka wuce, wannan kuwa ya yi wa ɗan Nijeriya daidai. Ana samun tallan waɗannan guraben a dandalin intanet na EURAXESS. Yawancin ƙasashen Turai suna so mutum ya riga ya yi digiri na biyu.

Ingila tana da cibiyoyi masu ƙarfi, kamar Cibiyar Francis Crick da Kwalejin Jami'a ta Landan, inda aikin Martin Pule ya haifi wani magani da aka amince da shi a 2024. Amma a nan sai an buɗe ido. Talla da yawa kuɗin makarantar ɗan ƙasa kawai suke biya, na baƙo kuwa ya ninka sau da yawa, sai mutum ya ci jarrabawa a ce ya ciko sauran. A karanta ƙananan rubutun kafin a yi murna. Akwai kuma tallafin ƙasashen renon Ingila. A Amurka karatun shekara biyar ne zuwa shida, ana biyan kuɗin makaranta da na abinci, ba kuma dole sai da digiri na biyu ba. Sai dai tun 2025 gwamnatin ƙasar ta tsaurara dokokin biza ga 'yan Nijeriya, saboda haka a bincika halin da ake ciki kafin a kashe kuɗin cike takarda.

Wanda bai riga ya taɓa kayan aiki na zamani ba, kada ya rena matakin kusa. Cibiyar WACCBIP ta Jami'ar Gana da cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's a Ede suna horar da ɗalibai a kimiyyar ƙwayoyin halitta, a Jami'ar Cape Town kuma akwai sashen bincike na yaƙar ciwon daji da garkuwar jiki. Digiri na biyu a irin waɗannan wurare ya fi wasiƙa ɗari ta roƙo.

Gama abin da malamin ke nema a takardar ɗalibi ba shi ne labarin wahalarsa ba. Yana so ya ga me hannunsa ya taɓa yi: ya taɓa kiwon ƙwayoyi a kwalba ba su ruɓe ba? Ya san na'urar da ke ƙirga ƙwayoyi da haske? Ya iya lissafi da kwamfuta? In bai iya ba ya faɗi gaskiya, domin za a tambaye shi baki da baki ta intanet, ƙarya kuwa ba ta minti biyar a wurin. Wasiƙar da ke cin nasara gajeriya ce, tana nuna mai ita ya karanta aikin malamin ya kuma zo da tambaya guda mai ma'ana. Wadda aka rubuta sau ɗaya aka watsa wa mutum hamsin ana gane ta tun daga layin farko. Ana bukatar malamai biyu ko uku da suka san ɗalibin su yi masa shaida, da kuma jarrabawar Turanci a wurare da yawa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo wa ɗanku gurbin digiri na uku a Turai, ɗan damfara ne. Malamin da zai biya albashi daga kuɗin bincikensa shi ke zaɓen ɗalibinsa da kansa.

Iyaye kuma su san abin da suke aika ɗa ya yi. Ba zai riƙa duba marasa lafiya ba, ba zai kuma aiko da kuɗin gina gida ba, albashin na ci da haya ne. Kwanakinsa za su ƙare tsakanin kwalabe da ɓeraye, Asabar da Lahadi ma ƙwayoyi ba su san hutu ba, gwajin wata shida kuma yakan lalace a dare ɗaya. Ga sanyi, ga kewar gida. In ya komo, zai tarar ƙwayoyin nan ana ajiye su cikin sanyin da ya wuce digiri 130 ƙasa da sifiri, a ƙasar da wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama. Wasu ba za su komo ba, mun sani. Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa da ta fara aiki a Abuja a 2023, da asibitocin koyarwa na Zariya da Jos da Kano da Maiduguri, su ya kamata su shirya wa masu komowa wurin tsayawa.

Ga wanda ke da majiyyaci a gida yanzu, muna roƙo kada wannan labari ya sa a bar asibiti ana jiran sabon magani, kada kuma a saurari masu tallan garin ƙara garkuwar jiki da sunan shi ne wannan. Ciwon Burkitt ma da muka fara da shi yana jin magungunan da aka daɗe da sani in an kai yaro da wuri.

Yawancin guraben Amurka da Ingila da tallafin Jamus ana rufe karɓar takardunsu tsakanin Oktoba da Disamba, domin karatun da za a fara a shekara mai zuwa. Fitar da takardar sakamako daga wasu jami'o'inmu kuwa takan ɗauki watanni, fasfo ma haka. Wanda ke da niyya, tun farkon damina ya kamata ya je ofishin rajista, ya kuma gaida malaman da zai roƙa su yi masa shaida.